Motar da Yaya Habu Ya Kasa Gyarawa

Ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Habu, akwai maganar da kuka taso kuna ji a gidan nan, har wasunku sun mayar da ita abin tsokana idan an haɗu wurin biki. Wai akwai shekarar da mota ta gagari bakanike a hanyar Arfa, direba ya zo ya hura mata iska da baki ta tashi. Bakaniken shi ne Yaya Habu, Allah ya jiƙansa, direban kuwa ni ne. Kwanan baya na ji wata jikata tana ba ƙawarta labarin da Larabci, ta zuba masa gishiri har ni kaina na so in yarda. Amma tunda yanzu ba inda nake zuwa sai Harami ranar Juma'a, ga takarda ga alƙalami, gara in faɗi yadda abin ya faru tun ina da sauran hankalina.

Dole in fara da Baba, don in ba ku san sana'arsa ba babu abin da za ku gane. Tun yana saurayi ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratso Chadi da Sudan, ya yi hajjinsa ya zauna a unguwar Jarwal ta Makka bai koma ba. A nan ya koyi aikin gwangwani, abin da mutanen Makka ke kira samkari. Yakan yanka farin ƙarfe ya haɗa ƙananan gwangwanaye, alhazai su cika su da zamzam, shi kuma ya liƙe bakin da dalma, yadda ruwan zai yi watanni a jirgin ruwa ko a bayan raƙumi ya isa gida ko ɗigo bai zube ba. Mutum ne da bai iya ganin huda ya wuce ba. Buta, fitila, mazurari, duk abin da ya tsage a gidanmu ko a gidan maƙwabta, kafin mai shi ya yi magana Baba ya riga ya ɗora ƙarfen liƙinsa a kan gawayi. Inna takan ce ita ɓoye madambacinta take yi, kada ta wayi gari ta tarar ya toshe mata hudojin. Shi dai ba ya dariya, don bai ga abin dariya ba a ciki.

A shekarar da nake magana idonsa ya fara yin hazo, hannunsa kuma ya fara rawa. Wani alhaji Bajawe, mutumin tsibiran gabas mai nisa, ya sayi gwangwani a wurinsa, bai ko fita daga lungu ba ya dawo da shi yana ɗiga a kan rigarsa. Bai yi faɗa ba, ajiyewa kawai ya yi ya nuna da yatsa. Ranar Baba bai ci abinci ba. Daga nan ya rage magana, kuma duk gwangwanin da ya liƙe sai ya juya shi sau goma a tafin hannu kafin ya miƙa wa mai shi.

Yaya Habu ya girme ni da shekara biyar. Tun da ƙuruciya ya gudu daga runfar Baba ya tafi Jidda ya koyi gyaran mota, ya dawo da baƙin hannu da kunne mai kaifi. Mota za ta wuce ta bakin titi yana cikin ɗaki, ya ce wannan fulogi ɗaya ba ya ci, in an tsayar da ita a tarar haka ne. Ni kuwa, gaskiya, ban san kome a cikin inji ba. Tuƙi na koya a motar ɗaukar duwatsu, kuma abin da na iya shi ne in riƙe sitiyari in cika baki. Bayan an gama babban yaƙin Turawa muka haɗa kai muka sayi wata tsohuwar motar Amurka, doguwa, wadda a zamaninta baƙa ce, a hannun wani attajiri da ya gaji da ita. Da jakai aka jawo ta Jarwal. Yaya ya yi wata huɗu a ƙarƙashinta, ranar da ta tashi yaran unguwa har da tsalle.

Baba bai so abin ba ko kaɗan. Yana ganin 'ya'yansa biyu sun bar sana'a mai albarka sun bi ƙarfe mai hayaƙi. Ranar da aka kawo ta ya tsaya daga bakin ƙofa ya dube ta daga kai har wutsiya.

“Ni dai ba ruwana da ita,” ya ce. “Hannuna ba zai taɓa ta ba.”

Daga nan in zai fita masallaci sai ya tattare rigarsa ya raɓa ta gefe, kamar mai wuce kare a kwance.

Abin da Yaya yake nema da motar ba ɗaukar fasinja ba ne. Akwai wani muɗawwifi a unguwarmu, wato irin mutanen da ke saukar da alhazai su yi musu jagora a aikin hajji, wanda yawancin baƙinsa mutanen ƙasarmu ne. Ya ga aikin da Yaya ya yi wa motar, ya kira shi ya ce yana da tsofaffi bakwai da ba za su iya hawan raƙumi ba. In motar ta kai su Mina da Arfa ta dawo da su lafiya, to filin da ke bayan gidansa ya ba Yaya ya buɗe wurin gyara, kuma duk motar da zai ɗauka haya a shekaru masu zuwa a hannun Yaya za ta kasance. A Makka in mutum ya buɗe wurin kansa, ana ce masa mu'allim, wato ubangidan sana'a. Wannan sunan Yaya yake so, kuma ya cancance shi. A lokacin ba a cika ganin ɗan Bahaushe da wurin kansa ba, mu da dako da ɗibar ruwa aka san mu.

Saura wata guda a fita hajji motar ta ɓullo da wani sabon hali. Da safe in an zura ƙarfen da ake tayar da ita da hannu, murɗa ɗaya take tashi, injin na kaɗawa sumul. In an bar ta a tsaye tana ci, sai ta yi rabin wuni ba ta yi ko tari ba. Amma in an hau hanya aka ɗan yi nisa, sai ka ji ta fara shaƙewa, ka taka totur ta yi kamar za ta amsa, ta yi fizga biyu ko uku, ta mutu. A ɗan taɓa nan a taɓa can, ta tashi kamar ba ita ba, a yi gaba kaɗan ta sake. Wata rana tafiyar ta yi tsawo kafin ta mutu, wata rana ko ƙarshen Jarwal ba ma kai wa. Wannan rashin tsayawa a kan hali ɗaya shi ya fi ba Yaya haushi.

To ku lura da yadda muke yi in ta mutu, don a nan duk maganar take. Allurar da ke nuna mai ta daɗe da lalacewa, saboda haka muna da wata sanda da muke tsomawa a tanki. Tankin yana baya. Da ta mutu Yaya zai fita ya ɗaga murfin inji a gaba, ni kuma in zaga baya in kwance murfin tanki in tsoma sanda in ɗaga murya in ce akwai mai. Kullum in na kwance murfin nan sai in ji wani ɗan huci, fuu, kamar kyanwa ta ga baƙo. Ban taɓa ɗaukarsa a bakin kome ba, ban kuma taɓa gaya wa Yaya ba. Ina ganin haka tankin mota yake yi a zafin Makka. Shi kuma a can gaba ya ƙwanƙwasa kafireta ko ya goge fulogi, ya ce in tayar, ta tashi. Sai ya ce ya gano. Ya gano ya fi sau ashirin.

Ba abin da bai yi ba. Ya kwance kafireta ya baje ta a kan tabarma ya wanke kowane ƙaramin ƙarfe da kananzir. Ya sauya fulogi. Ya zargi kwayil, ya ce zafi ke kashe shi, ya tafi Jidda ya samo wani. Ya ce ko rana ce ke dafa fetur a cikin famfon mai, ya naɗe famfon da jiƙaƙƙen tsumma, muka riƙa yawo da buta muna yayyafa masa ruwa kamar mai zazzaɓi. Ya ce ko masu sayar da fetur suna haɗa shi da ruwa, muka riƙa tace shi da hular ulu. Kowane gyara sai ya yi kwana ɗaya ko biyu kamar ya ci, sai ciwon ya dawo. A gida kuma kowa ya zama bakanike. Inna ta ce bakin mutane ne, ta sa garwashi a kasko ta turara motar da luban ciki da waje. Hajara matar Yaya ba ta ce kome a kan mota ba, damuwarta mijinta ya daina cin abinci yana ramewa. Wani maƙwabcinmu ya ce ai mai motar na farko a cikinta matarsa ta rasu, shi ya sa ya rabu da ita. Baba kaɗai ne bai sa baki ba.

Maganar ta kai kunnen muɗawwifi, ya zo da kansa ana saura kwana biyu a fita Mina. A gabansa Yaya ya kwance bututun da ke kai fetur daga tanki zuwa inji, ya wanke, ya hura, ya zura masa waya daga wannan baki ta fita ta wancan, ya ɗaga shi sama ya nuna. Ya ce in akwai sauran datti a cikin motar nan, kada a sake kiransa mai gyara. Na tuna maganar sarai, don ni na riƙe masa ɗaya bakin bututun. Aka zaga unguwa da muɗawwifi a ciki, tankin da ɗan mai kaɗan, motar ba ta yi ko atishawa ba. Ya sauka yana sa albarka.

Mu biyu ba mu ɗauki harama ba, aiki muka fita. Tsofaffin bakwai daga wajen Katsina suke, maza biyar mata biyu, a cikinsu akwai wanda ya ce shekararsa tara a hanya. Muɗawwifi ya haɗa mu da wakilinsa, wani siririn mutum mai lema da ake kira Siraju, wanda harshensa ya fi aska. Zuwa Mina ta mutu sau ɗaya, amma cunkoso ya rufa mana asiri, don kowa a tsaye yake. Ranar Arfa da safe Yaya ya ce kada mai ya zama uzuri, muka cika tanki har baki. Ba mu san cewa mun ƙara wa kanmu wahala ba ne.

Ba mu gama fita daga kwarin Mina ba ta mutu. Muka yi yadda muka saba, ta tashi. Ta sake mutuwa kafin Muzdalifa, ta sake a tsakiyar Muzdalifa. Rana ta ɗaga, raƙuman da muka wuce da safe muna yi musu ham suka zo suna wuce mu, masu jansu na tambaya ko a ɗaura mana igiya. Tsofaffin nan suna ta talbiyya, amma muryar tana raguwa. Kun san wanda bai tsaya a Arfa ba ba shi da hajji, su ma sun sani, kuma a cikinsu ba wanda ke sa ran wata shekarar. Da ta mutu a karo na huɗu, bayan mun wuce Muzdalifa, na nufi baya da sandata, sai Yaya ya daka mini tsawa ya ce in bar tankin nan, kowa ya san cike yake, in zo in riƙe masa sufana. Na dawo. Ya yi duk abin da ya sani, ya murɗa har tafin hannunsa ya saɓule, wannan karon ko tari ba ta yi ba.

Siraju ya naɗe lemarsa ya ce, a gaban kowa, ashe mu'allim ɗin namu na tabarma ne. Yaya ya goge hannu a wando, ya ce mini in zauna da mutane, shi zai bi hanya ko zai sami babbar mota mai sauran wuri ko masu raƙuma da za su kwashe su. Na bi shi da kallo yana kutsawa cikin fararen kaya da baƙar rigarsa ta aiki har ya ɓace.

Ruwan salkarmu ya ƙare wajen jiƙa tsumman famfo. Tsohon nan mai shekara tara a hanya ya fara lumshe ido, leɓensa ya bushe ya tsage. Sai na tuna Inna ta jefa mana gwangwanin zamzam ɗaya na liƙin Baba a ƙarƙashin kujera, don albarka. Na ciro shi, na sami ƙusa a akwatin kayan aiki na huda, na kafa wa tsohon a baki. Ruwan ya ɗigo sau biyu ya tsaya. Na girgiza, ya ƙi. Sai na ji kunya, don tun ina yaro nake jin Baba na gaya wa alhazai cewa in sun isa gida huda biyu za su yi, ɗaya ta ruwa ɗaya ta iska, in ba haka ba gwangwanin ba zai ba su kome ba. Na yi huda ta biyu, ruwa ya zubo. Tsohon yana sha, ni kuwa hankalina ya riga ya koma bayan mota.

Na zaga na kwance murfin tanki. Hucin ya fi na kullum ƙarfi, har na ji ƙarfen tankin ya yi ƙwas yana komawa daidai. Na juya murfin a hannuna. A gefensa, wurin da masu ƙera shi suka bar wata 'yar huda kamar ta allura don iska ta riƙa shiga yayin da mai ke fita, sai ga ɗigon dalma, an shafe shi an goge har ya saje da ƙarfen. In ba ɗan samkari ba, ba mai ganinsa. Ni kuwa na san hannun. Duk Makka mutum ɗaya ne ke gama liƙi da ɗan lanƙwasa ta hagu kamar wutsiyar harafin wawu. Tankin nan ya zama gwangwanin zamzam mai huda ɗaya. Duk ranar da na buɗe shi in tsoma sanda ni nake ba shi iska, Yaya kuma yana can gaba yana gyaran abin da bai lalace ba.

Da ƙusar nan na huda dalmar, na mayar da murfin, na murɗa inji. A murɗa ta shida ta tashi. Tsofaffi suka ɗauki kabbara, ɗaya daga matan ta fashe da kuka. Siraju yana can gindin wani dutse a inuwar lemarsa, bai ga abin da na yi ba.

Tsakanin tashin motar da dawowar Yaya na sami lokacin tunani, don haka ba zan ce muku bakina ne ya suɓuce ba. Na tuna ranar da Bajawe ya dawo da gwangwani. A raina na hango Siraju yana zaga Jarwal yana ba da labarin makahon samkari da ya kusa hana mutum bakwai hajji, kuma ya yi hakan ne a ɓoye bayan ya ce hannunsa ba zai taɓa motar ba. Na san Baba ba zai sake ɗaga kai a lungun nan ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi na riƙa gaya wa kaina shekara da shekaru. Amma akwai na biyu. Tsofaffin suna shafa kafaɗata suna sa mini albarka, suna cewa ashe ƙaramin ne gwani. Tunda aka haife ni ba a taɓa cewa na fi Yaya a kome ba. Abin ya yi mini daɗi.

Ya dawo shi kaɗai, bai sami kowa ba, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Ya tsaya yana sauraron injin, kansa a karkace yadda ya saba. Siraju ya matso.

“Me ka yi mata, Idi?” Yaya ya tambaye ni.

“Datti ne a bututun mai, Yaya. Na kwance na hure shi.”

Ban shirya in ce bututu ba, shi ne kawai abin da na san sunansa. Sai da maganar ta fita na tuna abin da ya faɗa a gaban muɗawwifi. Ya dube ni, ya dubi hannuwana, sannan ya ce, “Ɗayyib, shi ke nan. Mu tafi, rana na yi.” Ya shiga ya zauna a gefena. Daga nan har Arfa, har muka dawo Muzdalifa da Mina, har muka sauke mutanen a Jarwal bayan kwanakin jifa, motar ba ta sake mutuwa ba. Duk bakwai ɗin sun sami tsayuwarsu.

Kafin alhazai su gama watsewa Siraju ya gama aikinsa. Ba mai shayi ko mai aski a Jarwal da bai ji labarin bakaniken da ya rantse a kan bututu ba. Muɗawwifi bai ci mutuncin kowa ba, mutum ne mai kawaici. Filin dai ya ba wani Bayamane, ni kuma ya kira ni ya ce daga yau ni ne direbansa. Aikin da na ci abinci da shi ke nan har na tsufa, da shi na yi aure, da shi aka gina gidan da kuke ciki.

Yaya bai yi gardama da kowa ba. Bayan hajji ya sake kwance bututun, ya ɗaga shi saitin rana ya daɗe yana leƙawa. Sau ɗaya ya sake tambayata, muna cin abinci, wane irin datti ne na gani. Na ce wani abu ne kamar zaren tsumma. Ya gyaɗa kai, ya ce to wataƙila daga tsumman da ya goge bakin ne. Da sabuwar shekara ta kama ya ɗauki Hajara da yara ya koma Jidda, ya ce iskar teku ta fi karɓarsa. Motar ya bar mini.

Na bi ta bayan fage na tambayi Inna ko Baba ya taɓa kusantar motar. Ta yi dariya ta rufe baki, ta ce in rufa mata asiri. Wai wata safiya yana dawowa daga masallaci ya ji warin fetur, ya shafa murfin ya ji danshi a wata 'yar huda. Ya shiga da shi runfa, ya liƙe, ya mayar kafin mu tashi. Ya ce mata yaran nan mansu na tsiyayewa ba su sani ba, amma kada ta gaya musu. Inna ta ce in gani, duk faɗan nan da yake yi, zuciyarsa na tare da mu. Na ce haka ne. Shi ma Baba, wata rana ina wanke motar ya zo wucewa, ya tsaya bai dube ni ba.

“Ta daina warin mai ko?”

“Ta daina, Baba.”

Ya wuce yana gyara rigarsa, kuma rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin zuwan Bajawe. Idonsa bai kai ya ga hudar da na mayar ba.

Shekara huɗu bayan haka Baba ya rasu. Za ku ce to me ya hana ni faɗa daga nan. Ranar zaman makoki na yi niyya, sai na ga ba ranar ba ce. Da aka yi arba'in na ce sai na je Jidda. Na je Jidda ya fi a ƙirga, mu gaisa, mu ci kifi, in dawo da maganata a ciki. Kowace shekara sai ta ƙara nauyi, ga shi kuma an saba ce mini gwani, har ana kawo mini motoci in saurara, ni kuma ina karkata kai yadda na ga Yaya na yi. Tsoro ne da son girma, ba wani abu ba. Shi kuwa Yaya ya ƙare ƙarfinsa a wuraren gyaran wasu, yaran da ya koya wa riƙe sufana suka buɗe nasu suka ɗauke shi aiki.

Sai da gemunmu ya yi fari duka na gaya masa. Ya daina aiki a lokacin, ƙafa ta hana shi. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida a kan benci, 'yarsa ta kawo mana shayi. Na faɗa masa tun daga hucin murfi har zuwa ƙusa, ban rage kome ba, har daɗin da na ji. Bai katse ni ba. Da na gama, abin da ya fara tambaya shi ne ta wane gefen murfin hudar take, kuma tankin cike yake duk ranar da ta fi saurin mutuwa ko. Na ce cike yake. Ya shiga lissafin abin a kansa, ina ganin leɓensa na motsi, yana bin kowace mutuwa da motar ta yi ɗaya bayan ɗaya. Sai ya yi 'yar dariya ya ce Baba ke nan.

Na ce ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Har na fara jin sauƙi, sai ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa yana dubawa.

“Da ka ja ni gefe ka gaya mini, Idi, ni ma ba wanda zai ji a bakina. Da na ɗauki laifin da kaina, filin ma su riƙe. Ai ubana ne ni ma.”

Na ce na sani.

“Ba ka sani ba. Tun daga ranar nan, duk bututun da na wanke sai na sake kwance shi na wanke. Yara na yi mini dariya a wurin aiki. Shekara talatin ina zargin hannun nan.”

Ya rufe hannun, ya ce in sha shayina kada ya huce. Na ɗauka na sha.